Kofin Hajiya Hapsatu

"Sake juya shi, Malam. Akwai wani layin ta ƙasa."

"Na gan shi, 'yata. Ba rashin gani ne ya hana ni ba."

Malam Barau ya ɗaga kofin ya saita shi da hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure. Shi ne limamin unguwarsu a Sara, shi ya biya wa Ummussalma babbaƙu da farfaru tun tana 'yar mitsitsiya, kuma a iya saninta ba a taɓa kai masa rubutu ya mayar da shi ba. Yau ga shi yana ta motsa leɓe, ya fara ya tsaya, ya koma farko.

Kofin gilashi ne mai kauri, kore-kore kamar ruwan rijiya idan an leƙa. An sassaƙa rubutun a jikinsa layi huɗu, a karkace, kamar daga sama ake zubo shi. Hajiya Hapsatu, mahaifiyar kakar Ummussalma, ita ta zo da shi daga Makka a zamanin da ake zuwa da ƙafa. Shekara bakwai ta yi a hanya. Tun daga lokacin yake naɗe cikin farin ƙyalle a ƙasan adaka, ba ya fitowa sai wata a dangi ta durƙusa naƙuda. A zuba mata ruwa a ciki ta sha, a mayar. Ba a taɓa shi sai da alwala. Kowa ya san ayar sauƙin haihuwa ce a jikinsa, ko da yake ba wanda zai iya cewa wa ya fara faɗa.

"Ga Bismillah nan a sama, wannan kam ko makaho ya shafa ya gane," in ji Malam Barau. "Daga nan kuma sai hanya ta ɓace mini. Baƙaƙen namu ne, maganar ce ba tamu ba. Ba Larabci ba ne. Ba Hausa ba ce, ba Fillanci ba, na zauna da Barebari ma, ba tasu ba ce."

"Ba aya ba ce ke nan?"

"Ni dai ba ta cikin izu sittin ɗin da na sani." Ya naɗe kofin a hankali ya miƙa mata. "Amma don Allah kada ki je ki ce wa kakarki Batulu na ce ba aya ba ce. Ki ce mata Malam ya tsufa. Gara ta yi mini dariya da ta daina aiko mini da fura."

Ya yi zaton za ta yi murmushi. Ta dai ce masa ta gode, ta tashi.

Kwana arba'in da shida ke nan da haihuwarta. Namiji ne. Ya zo da hantsi a asibiti a Birnin Kudu, inda take aure kuma take koyarwa a firamare, kafin la'asar ya koma. Ta ji kukansa sau ɗaya, siriri kamar na ɗan mage. Likitoci sun yi abin da za su yi, suka ce zuciyarsa ce ba ta gama ƙeruwa ba. Maza suka ɗauke shi a tabarma, mata suka ce Allah ya sa mai ceto ne, kowa ya koma harkarsa. Ba a zaman makokin jariri. Aka kawo ta Sara wajen kakarta Inna Batulu, wadda ta raine ta, domin wankan jego ba ya tambayar ko akwai ɗa a hannu.

Ba ta yi kuka ba. Ta so ta yi, ta nema ta rasa. Ruwan wanka mai tafasa a zuba mata da ganye, ta ga fatarta ta yi ja, amma kamar a jikin wata ake yi. A ba ta kunun kanwa ta shanye, ba za ta ce da sukari ko babu ba. Nono ya kawo aka ɗaure shi da zane har ya gaji ya ƙafe. Bazara ta yi tsanani, mutane suna ta kiran ruwa, ita kuwa sai an tuna mata take sha.

Abu ɗaya ne kawai yake yawo a kanta, kamar ƙuda a cikin kwalba. Saura mako guda ta haihu Inna ta kira ta a waya, ta ce za ta ba direba kofi ya kawo mata. Ummussalma ta yi dariya ta ce, "Inna, asibiti fa zan je. Bar tsoho ya huta a adakarsa, ya yi aiki ya gaji." Haka ta faɗa, da wasan jika da kaka. Bayan abin ya faru Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba sai sau ɗaya, tana iza wutar ruwan wanka, ko kallonta ba ta yi ba.

"Da dai an kawo shi."

Shi ke nan. Ba ta ƙara ba, ba ta maimaita ba. Amma tun daga ranar Ummussalma take lissafi ɗaya: idan maganar Allah ce a jikin kofin nan, tsari ne da aka miƙo mata ta ture da dariya, to bakinta ne ya kashe yaron. Tana so ta sani. Ba don ta ji sauƙi ba, domin ba ta jin komai balle a sauƙaƙa mata. So take a karanta mata hukuncinta kawai. Shi ya sa ranar da ta yi tsarki ta yi alwala ta buɗe adakar da kanta.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, Murja na gefenta. Murja 'yar kawun Ummussalma ce, cikinta ya tsufa, ƙafafu sun kumbura, ta miƙe su a kan tabarma.

"Me Barau ya ce?" in ji Inna.

"Ya ce ya tsufa."

"Ai na sani. Mutumin da yake jan Sallar Asuba kamar mai jan guga." Ta miƙo hannu. "Kawo in mayar."

"Jibi zan je ganin likita a Birnin Kudu. Da shi zan tafi."

Inna ta daina ɓarar. Ta dube ta, ta dubi cikin Murja. Da a da ne, da faɗa za ta rufe ta. Amma wannan ne abu na farko da yarinyar ta ce tana so tun da aka kawo ta.

"Murja ta shiga watanta," ta ce. "Kwana biyu na ba ki. Kuma ban da ajiye shi a ƙasa."

Mijinta Saifullahi ne ya zo ya ɗauke ta da motar wani abokinsa. Tun daga Sara har duwatsun Birnin Kudu suka fara bayyana ba su yi maganar da ta wuce ta gaisuwa ba. Shi mutum ne mai surutu a da, mai ba da labarin abin da ya gani a kasuwa har da kwaikwayon murya. Yanzu ya zama mai kallon titi. Sau biyu ya buɗe baki ya rufe. Ita tana rungume da ƙullin a cinya, sai can ta lura da yadda ta riƙe shi, hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a baya. Ba ta sauya riƙon ba.

Bayan sun fito daga asibiti ya sauke ta a gida. Ɗakinta yana nan yadda ta bar shi, sai dai wani ya kwashe kayan jarirai daga kan gado. Ta zauna a baranda ta kwance ƙyallen, ta gwada abin da 'yan makaranta suke yi, ta haska wa rubutun waya don ta fassara. Wayar ta yi ta juyi, ta kawo shirme, ta sake kawo wani. Gilashin a lanƙwashe yake, rubutun kuma ya hau kan juna.

A haka Mama Edith ta same ta. Maƙwabciyarsu ce, Kirista, mutuniyar Filato, ta fi shekara arba'in a garin har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Ta shigo da kwanon faten acca a hannu.

"Amarya, an dawo ba sallama? Ko ƙauye ya fi mu daɗi ne?" Ta ajiye kwanon, ta dafa kan Ummussalma. Sai idonta ya faɗa kan kofin. "Ikon Allah. A ina kika samo rubutun su Oga?"

"Wane Oga, Mama?"

"Wanda na yi wa aiki ina budurwa. Mutumin Pakistan ne, yana koyar da kimiyya a sakandare, lokacin ko uwarki ba ta yi wayo ba. Matarsa haka take rubuta wasiƙa, a karkace kamar ruwan sama da iska. Ni nake kai wa gidan waya, ai ba zan manta ba." Ta kai hannu za ta ɗauka, sai ta janye. "Na ga an naɗe shi. Na ibada ne?"

"Ban sani ba. Abin da nake nema ke nan."

"To riƙe abinki. Bari in kira 'yata."

'Yar tata ita ce Nasrin, ɗiyar malamin, wadda Mama Edith ta goya tun tana wata uku har ta kai shekara tara suka koma ƙasarsu. Shekarun baya ta nemo ta ta hannun tsofaffin ɗalibai, tun daga nan ba sa wata ba su gaisa ba. Aka yi kiran bidiyo. Wata mace mai furfura da tabarau ta bayyana, tana ganin fuskar tsohuwar ta washe baki.

"Mama! Ina wuni? Kin ci tuwo?"

Hausar yara ce a bakin dattijuwa, ta tsaya a inda aka bar ta. Mama Edith ta yi mata bayani, rabi da Hausa rabi da Turanci. Ummussalma ta kawo kofin gaban wayar. Ba a gani. Suka koma rana, haske ya yi yawa. Sai Mama Edith ta shiga kicin ta ɗebo garin gawayi, ta ce a shafa, haka suke yi wa tsofaffin kwalaben ɗakin gwaji idan lambar jikinsu ta dushe. Ummussalma ta dubi kofin. Kofin da ba a taɓawa sai da alwala. Sannan ta dangwala yatsa ta shafa, ta goge da gefen mayafinta. Baƙin ya zauna a cikin sassaƙar, rubutun ya fito raɗau.

"Yawwa. Urdu ne, yarenmu," in ji Nasrin. "Na da sosai, irin na kakata. Juya kaɗan-kaɗan."

Ta karanta da yarensu tukuna, a hankali. Da ta kai layi na uku sai muryarta ta sauka. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Mama, wannan yarinya, me ya same ta?"

"Ke dai karanta mata," in ji Mama Edith.

Ta fassara, inda Hausa ta ƙare mata ta sa Turanci, Mama Edith na gyarawa. Da aka harhaɗa, ga abin da kofin yake faɗa:

Da sunan Allah. Wannan kofi sadaka ne ga duk mai ƙishi a hanyar Ɗakin Allah. Daga Zubaida, mutuniyar Lahore, saboda ɗanta Yusuf, wanda ya zo ranar Laraba ya koma ranar Juma'a. Wanda ya sha ya yi masa addu'a, ya yi wa uwarsa. A bar shi a bakin ruwa.

Wata akuya ta yi kuka a bayan katanga. Ummussalma ta ce, "Saura."

"Babu saura. Sai shekarar da aka rubuta a ƙasa, an kusa shekara ɗari."

"Babu maganar naƙuda?"

"Babu."

"Babu tsari? Ba a ce wadda ta sha ɗanta zai rayu ba?"

"A'a, ƙanwata. A wajenmu haka ake yi. Idan yaro ya mutu, uwa ta ba da ruwa. Wannan mata ta ba mai zuwa Hajji kofi, ta ce a ajiye inda ake sha. Shi ke nan."

Ummussalma ta yi godiya yadda ya kamata, har ta tambayi lafiyar iyali. Da aka kashe wayar Mama Edith ce take share ido da haɓar zane. Ita kuwa tana zaune tana kallon yatsanta mai gawayi. Ta jira ta ji an sauke mata dutsen. Ba ta ji ba. Abin da ya zo mata wani lissafin ne daban: mata nawa ne a danginsu suka kafa kai a kofin nan suna murƙususu, shekara saba'in, kuma ko ɗaya ba ta san ana roƙonta wani abu ba. Wata mata a can ƙarshen duniya ta biya an sassaƙa sunan ɗan kwana uku a gilashi don kada ya ɓace. Ya zo ya kwanta a adaka, a garin da ba mai iya kiran sa.

Da Saifullahi ya dawo daga Sallar La'asar ya same ta a inda ya bar ta.

"Ka yi masa huɗuba?" ta ce.

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. "Na yi. Tun kafin su shiga da shi wancan ɗakin."

"Me ka sa masa?"

Ya zauna a dandamalin, ba kusa da ita sosai ba. "Kwana arba'in da takwas ina jira ki tambaye ni." Ya dube ta. "Aminullahi."

Ta maimaita sunan a ranta. Bai yi mata zafi ba, bai yi mata daɗi ba. Amma ya zauna, kamar yadda gawayin ya zauna a sassaƙa. Can ta ce masa ya ba ta ruwa. Ya kawo, ta shanye, ta ce ya ƙaro.

Washegari da hantsi suka isa Sara. Inna Batulu na tsakar gida, Murja na kwance a inuwa tana fifita da murfin kwano. Inna ta karɓi ƙullin ta buɗe don ta tabbatar, sai ta ga baƙi a jikin rubutun.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ce. An karanta shi, Inna."

Ta faɗa musu, kalma bayan kalma, domin ta haddace a hanya. Murja ta tashi zaune. Inna ta saurara har ƙarshe, bakinta a tsuke.

"Wa ya karanta? Wata a cikin waya? Ke da iliminki, duk wanda ya yi miki yare sai ki yarda?"

"Ba ta san ni ba, Inna. Ba ta san abin da ya same ni ba sai da ta gama."

"To Hajiya ba ɓarauniya ba ce, in ma abin da ake nufi ke nan. Shekara biyu tana ɗiban ruwa tana shayar da alhazai a can. Da za a rushe wurin shan ruwan, mai kula da wurin ya ce ta ɗauki kofin. Da bakinta ta faɗa mini."

"Ba wanda ya ce ta sata. Ita ta gaya miki aya ce?"

Inna ta juya kofin a hannunta. "Cewa ta yi daga Makka yake. Da Yaya Kubra ta sha wuya a haihuwar fari aka rasa abin yi, sai aka ba ta ruwa a ciki, ta sauka. Daga nan ne."

"Inna, kin ce da dai an kawo shi."

Tsohuwar ta ɗago. Da alama ta manta ta faɗa, ko kuwa ta yi fatan ba a ji ba. Fuskarta ta yi wani iri, duk tsufanta ya fito lokaci guda.

"Abin da kike ɗauke da shi ke nan? Kwana hamsin?" Ta ajiye kofin a cinyarta. "Ummu, ni na sha a kofin nan sau tara. Biyu na binne kafin suna. Uwarki ta sha ranar da ta haife ki, ke kika tashi, ita ba ta tashi ba. Baki ne kawai. Ina kallon ki kamar itace, na rasa abin da zan kama, na kama kofi."

A waje ana jin masu wucewa kasuwa, da ƙarar amalanke, da wani yana tambayar ko akwai ruwa a gidan nan. Rana ta take.

"To ni fa?" in ji Murja, da 'yar dariyar tsoro. "Kun gama tone-tonenku, ni da ke kan hanya me zan sha?"

"Za ki sha," in ji Ummussalma. "Ki sha a ciki, ki yi wa Yusuf addu'a da uwarsa, sannan a sa ki a mota sai asibiti."

Ta miƙa hannu. Inna ba ta ba ta ba, ba ta kuma hana ta ɗauka ba. Ummussalma ta je bakin rijiya ta wanke gawayin tas, ta ɗaga kofin, rana ta ratsa shi ta zubo kore a tafin hannunta. Ta dubi tsohuwar randar da ke kife a gindin rumbu, wadda aka daina amfani da ita tun da aka sayi firji.

Inna ta bi idonta da kallo, ta gane. "Gilashi ne fa. A ƙofar gida ko mako ba zai yi ba. Yara za su fasa, ko wani ya sa a aljihu. Shekara saba'in muna riƙonsa ko tsagewa bai yi ba."

"Na sani."

"Shi kaɗai ya rage mini na Hajiya."

"Na sani, Inna. Ki yafe mini." Muryarta ba ta rawa, ba ta kuma tashi ba. Ta leƙa zaure inda mijinta yake zaune, ta kira shi, ta faɗa yadda kowa zai ji. "Zo ka kama mini randar nan mu kai gindin dalbejiya. Daga yau kofin nan ba zai koma adaka ba. A bakin ruwa zai zauna, ni zan riƙa cika randar kullum har in koma, in na koma in bar wa mai cikawa. Duk wanda ya sha ya tambaya, a ce masa na Yusuf ne da Aminullahi. In ya fashe, ya fashe a inda mai shi ta ce a bar shi."